Bin Sawun Zafin Kano a Alƙaluman Shekara Sittin

Tambayar da na sa a gaba gajera ce: tsakanin 1961 da 2020 zafin Kano ya ƙaru? In ya ƙaru, da nawa, a wane lokaci na shekara, kuma da rana ne ko da dare? Ja layi ta tsakiyar alƙaluma don ganin inda suka dosa aikin 'yan mintoci ne a kwamfuta. Wahalar tana gabanin haka, wajen tantance wane canji ne na iskar gari, wane ne na ma'auni, wane ne kuma na hannun da ya kwafi lamba daga takarda.

Tashar da ake dogara da ita a Kano ita ce ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, mai lamba 65046 a rajistar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO. Tana kan digiri 12 arewa, tsayinta daga teku kusan mita 476. Asalin kundin yana hannun NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya da aka kafa da doka a 2003, kuma duk mai son aiki na gaske can zai fara nema. Akwai kuma kwafi biyu da hukumar NOAA ta Amurka ke bayarwa kyauta a intanet, GHCN-Daily da GSOD. Na haɗa da su saboda suna sauƙaƙa kwatanta Kano da maƙwabtanta na Nijar. Na fara daga 1961 ne don shekara 60 tana ba da zango biyu cikakku na shekara talatin-talatin, 1961 zuwa 1990 da 1991 zuwa 2020, kuma su ne zangunan da WMO ke amfani da su a matsayin mizani.

Tarko na farko a bakin ƙofa yake. A jerin tashoshin NOAA, haruffa biyun da ke nuna ƙasa ba irin waɗanda muka saba gani a adireshin intanet ba ne. A can NI ce Najeriya, NG kuwa Nijar. Wanda ya tace jerin da NG yana neman Kano, Yamai da Damagaram da Maraɗi zai tarar. Sai kuma batun ma'auni. GHCN-Daily yana rubuta zafi da kashi ɗaya cikin goma na digirin Salshiyas ba tare da ɗigo ba, don haka 385 na nufin 38.5, ranar da babu awo kuma ana sa -9999. Kowane wata yana da gurbi 31 ko da Fabrairu ne, guraben da ba su da rana an cike su da wannan lambar. GSOD kuwa da Farenhait yake, alamarsa ta rashin awo 9999.9 ce. Ɗaya daga cikin waɗannan idan ta kuɓuce ta shiga lissafin matsakaici, watan ya tashi aiki, sai dai ɓarnar tana da girman da ido ba zai rasa ta ba. Wadda ba a gani ita ce ta kwanan wata. Excel ɗin da aka saita a tsarin Amurka yana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, sai ya birkita ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata ya bar sauran. Shi ya sa tun daga farko na raba shekara da wata da rana gida uku. Alƙaluman da aka rubuta a tsarin Faransa kuma, waƙafi suke sawa a madadin ɗigo: 38,5.

Wani abin da ya kamata a sani game da GSOD shi ne daga rahotannin da tasha ke aikawa duniya kowace rana aka gina shi. Idan rahoto bai isa ba, ranar ta zama giɓi a can, alhali ma'aikaci ya karanta ma'auninsa ya rubuta a kundi. Tashoshin Najeriya suna da manyan giɓaɓe a waɗannan kwafin na waje, na Nijar sun fi cika. Saboda haka kwafin waje abin kwatanci ne, kundin gida shi ne tushe. A cikin GSOD ɗin ma, idan ka ga tauraro kusa da lambar ƙololuwar zafi, ma'anarsa ba daga ma'aunin ƙololuwa aka samo ta ba, an zaɓo mafi girma ne daga rahotannin sa'o'in ranar, kuma kusan kullum irin wannan lambar tana ƙasa da gaskiya. Na ware su gefe. Layin matsakaicin yini da GSOD ke bayarwa kuwa ban taɓa shi ba, domin rahoto huɗu kacal sun isa a fitar da shi, kuma idan a wata shekara rahotannin rana ne kawai suke isa, shekarar za ta fito da zafin da ba nata ba. Na tsaya kan lambobi biyu a kowace rana: ƙololuwar zafi, wadda zan riƙa kira zafin rana, da mafi ƙanƙantar zafi, wadda zan kira zafin dare.

Ba a iya gane lambar da ta karkace sai an san yadda ta samu. A tashar gargajiya ma'aunan suna cikin akwatin Stevenson, farin akwatin katako mai tsaga-tsaga a karkace don iska ta ratsa ba tare da rana ta shiga ba, a ɗage tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Ma'aunin ƙololuwa na zaiba ne, da ɗan maƙogwaro kusa da gindinsa: zaiba tana hawa idan zafi ya ƙaru, amma ba ta komawa sai an karkaɗa shi da hannu. Na dare kuwa na sifirit ne, a kwance yake, da ɗan tsinke a cikin ruwan. Idan sanyi ya sauko ruwan ya ja tsinken baya, idan gari ya ɗumama ya wuce ya bar shi inda ya tsaya. Kowannensu da cutarsa. Idan maƙogwaron ya saki, zaiba takan zame kafin a karanta, zafin rana ya fito ƙasa. Sifirit kuma a zafi irin namu yakan yi tururi ya taru a can ƙarshen bututu, layin ya gajarce, ma'aunin ya riƙa nuna sanyin da babu shi har sai ranar da wani ya lura. Akwatin kansa idan fenti ya ɓare, ko jar ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, yana shan rana, zafin rana ya hau. Akwai kuma ƙa'idar da aka tsara don Turai, cewa ƙofar akwati ta kalli arewa don kada rana ta faɗa kan ma'auni lokacin karatu. A Kano, daga wajen 22 ga Afrilu zuwa wajen 21 ga Agusta, rana ta arewa take bi da tsakar rana.

Lokacin karatu ma yana da tasiri. A rahoton da tashoshin Afirka ke aikawa, ana ba da zafin dare da ƙarfe 6 na safe agogon GMT, zafin rana da ƙarfe 6 na yamma. Shida na safe a GMT bakwai ne a Kano. A Janairu rana ba ta fitowa sai bakwai saura 'yan mintoci, sanyi kuma yakan kai maƙurarsa daidai fitowar rana ko jim kaɗan bayanta. Ke nan lambar da aka aika tana iya ɗan fin wadda aka rubuta a kundi daga baya. Bambancin ƙarami ne, amma idan mutum ya ɗinka shekarun kundi da shekarun rahoto a layi ɗaya, ya ƙirƙiri tsalle da hannunsa a daidai wurin ɗinkin. Duk inda na cike giɓi daga wani tushe, na sa masa alama a layi na musamman.

Daga nan sai tankaɗe. Na fara da abin da ba zai yiwu ba: ranar da zafin dare ya fi na rana, 30 ga Fabrairu, wata guda da aka kwafa sau biyu a shekaru biyu. Sannan lamba ɗaya da ta maimaitu kwana biyar ko fiye a jere, da tsallen da ya wuce digiri 10 tsakanin yau da gobe, da duk lambar da ta yi nisa da matsakaicin watanta fiye da ninki huɗu na kaucewar da aka saba. Manhajar RClimDex tana yin wani ɓangare na wannan, ta fitar da jerin waɗanda take zargi. Jerin zargi ne kawai, ba a goge komai a kansa. Lamba 93 a layin zafin rana kusan tabbas 39 ce aka juya, to amma 13 a madadin 31 fa, ko zafin rana 24 a Agusta? Na biyun yana iya zama gaskiya tsagwaronta, ranar marka ce da aka wuni ana yayyafi rana ba ta leƙo ba. Kowace lamba da aka zarga na duba ta da abu uku: ruwan da aka auna a ranar, jiya da gobenta, da abin da maƙwabta suka rubuta. Wadda ba ta tsira ba na mayar da ita giɓi, ban maye gurbinta da hasashe ba. Wanda ya bar manhaja ta share duk abin da ya fita daban, ranakun tsananin zafi da na tsananin sanyi yake sharewa, su ne kuwa abin da aka fi buƙatar sani.

Gwajin da ya fi ba ni haske shi ne mafi sauƙi: ƙirga lambar ƙarshe, wadda ke bayan ɗigo, shekara bayan shekara. A ƙa'ida 0 zuwa 9 kowace za ta samu kusan kashi goma cikin ɗari. Idan 0 da 5 suka cinye rabi, mai karatu yana kintatawa ne. Idan 0 kaɗai ake gani, an dunƙule lambobin zuwa cikakken digiri, kuma haka tsarin rahoton duniya yake kafin 1982, lokacin da aka fara aika zafi da kashi ɗaya cikin goma. Idan kuwa ka ga jerin 37.2, 37.8, 38.3, 38.9, 39.4, 40.0 yana ta dawowa, asalinsu cikakkun digirin Farenhait ne daga 99 zuwa 104 aka juya, kamar yadda tsofaffin kundayen zamanin Turawa suke. Dunƙulewa ba ta cutar da matsakaicin wata sosai, domin abin da aka ƙara a nan an rage shi a can. Inda take ɓarna shi ne ƙirgen ranakun da suka kai digiri 40: a shekarun dunƙulewa 39.5 ta zama 40 an ƙirga ta, a shekarun baya-bayan nan kuwa 39.9 ma ba ta shiga. Tsofaffin shekaru sai su fito da ranakun zafi fiye da haƙƙinsu, ƙaruwar ta dusashe. Maganinsa shi ne a dunƙule duk shekarun iri ɗaya kafin a ƙirga.

Kan giɓi na bi ƙa'idar da WMO ta fitar a 2017: ba a lissafa matsakaicin wata idan an rasa kwana 11 ko fiye, ko kwana 5 a jere, ba a kuma kafa mizanin shekara 30 sai an samu aƙalla shekara 24. Sharaɗin kwana 5 a jere yana da muhimmanci a Kano musamman a Fabrairu da Maris, watannin da farkonsu da ƙarshensu ba ɗaya ba ne, saboda zafi yana hawa cikin sauri. Rasa makon ƙarshe na Fabrairu ya isa ya sa watan ya fito da sanyin da bai yi ba.

Rasa wata guda cur ya fi haka illa, kuma lissafinsa a fili yake. A ce matsakaicin zafin rana na shekara 33 ne, na Afrilu kuma 38.5. Idan Afrilu ya ɓace aka raba sauran da 11, amsar 32.5 ce. Rabin digiri ya tafi saboda takarda ɗaya, alhali ɗumamar duniya a shekarun nan tana tafiya ne da kusan digiri 0.2 a kowace shekara goma. Saboda wannan ba a aiki da ainihin lambobin. Ana lissafa matsakaicin kowane wata a zangon mizani, Janairu da nasa, Afrilu da nasa, sannan a cire shi daga kowace shekara. Abin da ya rage shi ne rata: Afrilun bana ya fi Afrilun mizani da kaza, ko ya gaza shi da kaza. Da rata, rashin wata ɗaya ba ya jan shekarar ƙasa ko sama, kuma ana iya ajiye Kano kusa da Damagaram a kwatanta ko da ɗayar ta fi ɗayar zafi. Na ɗauki 1961 zuwa 1990 a matsayin mizani. Sauya mizani zuwa 1991 zuwa 2020 yana matsar da dukan layin ƙasa ne kawai, ba ya taɓa saurin hawansa.

Yanzu aka zo gagarumin aikin, wato neman tsallen da ba na yanayi ba. Tasha ba ta zama yadda take shekara sittin. Ana matsar da akwati saboda sabon gini, ana canja ma'auni, ana shimfiɗa kwalta kusa da shi, bishiya ta girma ko a sare ta. Tamkar an canja wa mai awo mudu ne ana tsakiyar cin kasuwa: buhun bai ƙaru ba, amma ƙirgen ya ƙaru. WMO tana rarraba wuraren awo aji biyar. Aji na ɗaya yana nesa da gini da kwalta fiye da mita 100, na biyu mita 30, na uku mita 10 kuma ana ƙara masa shakkar da ta kai digiri 1, na huɗu digiri 2, na biyar har digiri 5. Tsalle ɗaya na rabin digiri a tsakiyar shekara 60, idan aka ja layi ta kansa, yana haifar da hawan ƙarya na digiri 0.125 a kowace shekara goma. Fiye da rabin abin da ake nema ke nan.

Hanyar gano shi ita ce maƙwabta. Zafin shekara abu ne da ke shafar yanki mai faɗi, shekarar da ta yi zafi a Kano ta yi a Katsina. Don haka idan aka cire ratar maƙwabta daga ratar Kano, yanayi yana fita, a bar abin da ya shafi tashar Kano ita kaɗai. Layin da ya rage ya kamata ya riƙa kai-komo kusa da sifili. Idan ya yi shekaru a wani matsayi sannan farat ɗaya ya koma wani ya zauna, wani abu ya faru a tasha. Na yi amfani da Zariya da Katsina, kowacce ƙasa da kilomita 200 daga Kano a miƙe, da Nguru, da Damagaram mai lamba 61090, da Maraɗi mai lamba 61080. Jos ban sa ta ba, tudu ce da ta haura mita 1,200, yanayinta dabam ne. Sa tashoshin Nijar ba cike gurbi ba ne. Idan hukuma ɗaya ta canja na'ura ko lokacin karatu a duk tashoshinta a shekara ɗaya, tsallen zai kasance a Kano da Katsina da Zariya baki ɗaya, ya ɓace a wajen cirewa. Tashar da ke tsallaken iyaka, ƙarƙashin wata hukuma, ita ce za ta tona shi.

Gwajin neman tsalle da aka fi sani shi ne SNHT na Alexandersson, na 1986, kuma manhajojin RHtests da Climatol suna yin irin wannan aikin a R, harshen kwamfuta na lissafin alƙaluma. Na gwada zafin rana daban, na dare daban, domin matsar da akwati daga ciyawa zuwa kusa da siminti yana iya taɓa dare ya bar rana. Ban karɓi tsalle ba sai ya bayyana a kwatancin Kano da yawancin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. In da maƙwabciya ɗaya kawai ya bayyana, matsalar tata ce. Na kuma duba ko siffarsa ta yi daidai da hankali: matsalar fenti ko hasken rana ta fi girma a bazara da rana, ta ragu a damina, matsalar sifirit kuwa dare kawai take taɓawa, kuma ƙasa take ja. Gyaran wata-wata ake yi, kuma tsofaffin shekaru ake ɗagawa ko saukarwa su dace da yanayin tashar na yanzu, don a iya ci gaba da ƙara sababbin shekaru ba tare da sake lissafi ba.

Kuskuren da na fi gani a ayyukan ɗalibai, kuma yana ba ni takaici saboda yana lalata aikin wata da watanni, shi ne a saka alƙaluman tasha ita kaɗai cikin gwajin ba tare da maƙwabta ba. Gwajin zai nuna tsalle a wajen ƙarshen shekarun 1970 ko farkon na 1980, a gyara shi, sannan a rubuta cewa zafi bai ƙaru ba. Abin da aka goge shi ne ainihin canjin yanayin.

Ga mai neman ƙarin abin kwatanci akwai ERA5, kundin yanayin duniya da kwamfuta ta sake lissafawa, na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, wanda ya faro daga 1940, sa'a bayan sa'a, a murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 31. Da ma'aunin Kelbin yake, sai an cire 273.15. Yana da amfani daga 1979 zuwa yau, lokacin da bayanan tauraron ɗan'adam suka yawaita, amma shi ma yana shan rahoton tashoshi, don haka ba shaida ne mai zaman kansa ɗari bisa ɗari ba. CRU TS, wani kundin da Jami'ar East Anglia ta gina daga alƙaluman tashoshi, ya faro daga 1901, sai dai duk inda ya rasa tasha kusa yana komawa kan mizanin 1961 zuwa 1990, rata ta zama sifili. A yanki mai giɓi irin namu wannan yana danne hawan.

Akwai canjin da ba ya zuwa da tsalle. Filin jirgin Kano ya fara aiki a 1936 a bayan gari, yau kuwa unguwanni sun kewaye shi. Bulo da kwalta da rufin kwano suna riƙe zafin rana su riƙa sakinsa da dare, kuma wannan a hankali yake taruwa. A layin kwatanci ba ya fitowa a matsayin tsalle, gangara yake zama, kuma gwaje-gwajen ba su da kaifi a kansa. Ko a cire shi ko a bari, ya danganta da tambayar. Idan ana son sanin abin da mutumin Fagge ko Kurna yake kwana a ciki, zafin gari gaskiya ne, ba a cire shi. Idan ana son sanin rabon ɗumamar duniya a yankin, sai an ware shi. Na fitar da duka biyun, kowanne da sunansa. A yi hattara kuma da tashar ƙauyen da za a kwatanta da ita: yankin Kadawa ya koma noman rani bayan an gama madatsar Tiga a 1974, kuma gonar da ake ba ruwa tana sanyaya iskar rana. Kwatanta gari da irin wannan wurin zai kumbura laifin garin.

Wajen raba shekara ban bi rabon wata uku-uku na littattafan waje ba, wanda ke haɗa Satumba da Oktoba da Nuwamba wuri ɗaya. A Kano Satumba damina ce. Na yi bazara daga Maris zuwa Mayu, damina daga Yuni zuwa Satumba, kaka Oktoba da Nuwamba, hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ana haɗa Disamba da Janairun shekarar da ke biye. Lokaci huɗu, rana da dare, layi takwas ke nan.

Ga kowane layi na lissafa saurin hawa ta hanya biyu, layin da aka saba ja da kuma hanyar Sen ta 1968, wadda shekara ɗaya mai fita daban ba ta iya jan ta, sannan gwajin Mann-Kendall, mai duba ko hawan na gaske ne ko dace ne kawai. Idan hanyoyin biyu suka yi nisa da juna, akwai shekarar da ke buƙatar a sake dubawa. Abin da ake yawan mantawa shi ne shekaru ba su da 'yanci da juna, shekara mai zafi takan biyo mai zafi. Idan alaƙar shekara da ta gabanta 0.3 ce, shekara 60 daidai take da kusan 32 masu zaman kansu: 60 sau 0.7 (wato 1 a cire 0.3), a raba da 1.3 (wato 1 a ƙara 0.3). Wanda bai yi wannan gyaran ba zai ba da tabbacin da bai mallaka ba. Na kuma maimaita lissafin daga 1961, daga 1971, daga 1981, na cire shekarun ƙarshe na mayar. Aman dutsen Pinatubo a 1991 ya sanyaya duniya a 1992, El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik, ya zafafa 1998 da 2016, kuma 2010 ta yi zafi ƙwarai a Afirka. Gajeren zango da ya fara ko ya ƙare a ɗaya daga cikin waɗannan zai faɗi abin da mai shi yake so.

Abin da ya fito ya yi daidai da abin da binciken yankin Sahel ya daɗe yana nunawa. Zafi ya ƙaru, hawan ya fi bayyana daga wajen 1980, kuma dare ya fi rana saurin hawa, har tazarar da ke tsakanin zafin rana da na dare ta ragu. Layin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa, ko ta ina aka fara, shi ne na daren bazara. A Afrilu da Mayu iskar kudu ta fara shigo da laima amma ruwa bai sauka ba, kuma tururin ruwa yana hana ƙasa sakin zafinta da dare. Zafin ranar damina kuwa ruwan sama yake bi. Shekarun 1950 sun yi ruwa, aka yi fari a 1972 zuwa 1973 da 1983 zuwa 1984, ruwa ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990. Busasshiyar ƙasa da sararin da babu gajimare suna ɗaga zafin rana, don haka wanda ya fara ƙirge daga tsakiyar fari zai ga kamar ranar damina ba ta motsa ba. Hunturu shi ne mafi hayaniya: ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana sauke zafin rana a shekarar da ta yi kauri, bambancin shekara da shekara ya yi girman da alƙiblar ke wuyar fitowa daga ciki. Matsakaicin shekara ɗaya tilo yana haɗiye duk wannan, shi ya sa ba na yarda a tsaya a kansa.

Na auna sakamakon da abin da aka sani na duniya. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ce shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi na 1850 zuwa 1900 da digiri 1.09, a kan ƙasa kuma, ban da teku, 1.59. Duk wanda lissafinsa na tasha ɗaya ya ba shi digiri guda a shekara goma, ko ya nuna sanyaya, ya koma kan tankaɗe da neman tsalle kafin ya rubuta komai.

Daren nan shi ne abin da ya fi damuna. Jikin mutum da dare yake hucewa, kuma a gidan da babu wuta babu abin da ke tsakanin tsoho ko jariri da ɗakin da bai sauka daga digiri talatin ba. A zafin ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, wanda ya faɗo cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai 48.5 ranar 3 ga Afrilu, kuma abin da ya tsananta lamarin a yankin shi ne dararen ba su huce ba. Manomin alkama a Kadawa shi ma sanyin daren hunturu yake nomawa. Saboda haka na ƙara ƙirgen ranaku. Daga cikin ma'aunai 27 da ETCCDI, wani kwamitin ƙwararrun yanayi, ya tsara, waɗanda RClimDex ke fitarwa, wasu ba su da amfani a nan: ranakun ƙanƙara sifili ne kullum, ranakun da suka wuce digiri 25 kusan shekarar ce duka. Masu amfani su ne TX90p da TN90p, wato kason ranaku da darare da suka shiga kashi goma mafi zafi na zangon mizani. A zangon kansa kusan kashi 10 ne bisa ƙa'ida, don haka duk abin da ya haura haka daga baya ƙari ne. Na ƙara nawa iyakokin: ranar da ta kai 40, daren da bai sauka ƙasa da 28 ba, da asubar hunturu da ta sauka ƙasa da 12. Waɗannan ƙirge-ƙirgen suna buƙatar alƙaluman yini-yini, kuma gyaran tsalle na wata-wata ba ya wadatar musu, sai an yi gyaran da ke la'akari da cewa ranar tsananin zafi da matsakaiciyar rana ba ɗaya kuskuren yake taɓa su ba. RHtests yana da hanyar yin haka.

Na ajiye fayil uku: ɗanyen alƙaluma yadda suka zo ba a taɓa su ba, waɗanda aka tankaɗe tare da jerin kowace lamba da aka cire da dalilinta, sai waɗanda aka gyara tare da shekara da girman kowane tsalle. Kowane sakamako ana ba da shi da zangonsa, da iyakar shakkarsa, da abin da ya kasance kafin gyara da bayansa.

Wurin da ya fi rauni a kowane irin wannan layi shi ne ƙarshensa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba ta sa ana janye ma'aunan zaiba, tashoshi a ko'ina suna komawa na'urori masu aiki da kansu. Ma'aunin lantarki ya fi zaiba saurin ji, yana kama ɗan hucin da ya wuce cikin daƙiƙoƙi, kuma rumfarsa ƙarama ce ba irin akwatin katako ba, don haka ƙololuwarsa tana iya bambanta ko da a wuri ɗaya aka kafa su. Gwajin tsalle kuma ba shi da ƙarfi a shekarun ƙarshe, saboda babu isassun shekaru a bayan canjin da za a kwatanta. Shawarar WMO ita ce a bar tsohon ma'auni da sabon su yi aiki kafaɗa da kafaɗa aƙalla shekara ɗaya, in da hali biyu. Inda aka samu wannan awon na tare, daga shi ake fitar da gyaran kowane wata. Inda babu, a bar shekarun yadda suke, a sa musu alama, a sake gwada su idan an samu ƙarin shekara biyar a kansu.